Ladabin Zaman Jama'a: Rijiya, Kasuwa, Mota da Asibiti

Darasi ga magidantan Falgore da kewaye

Ya kai mai gida, in wannan takarda ta zo hannunka, ka karanta ta da ƙarfi a zaure ko a tsakar gida, don wanda bai iya karatu ba shi ma ya amfana. Magana ce a kan wuraren da ba na mutum ɗaya ba ne, watau bakin rijiya, da kasuwa, da tasha, da cikin mota, da harabar masallaci, da asibiti. Ko kana Falgore, ko Zarewa, ko Fulatan, ko cikin garin Rogo, ko Karaye, ba ranar da za ta fito ta faɗi ba ka bi ta ɗaya daga cikinsu ba, kai ko iyalinka.

Ka san abubuwan da kan ɓata maka rai a irin waɗannan wurare. Wani ya tofar da kaki dab da ƙafarka. Wata ta zo daga baya ta tura tulunta gaban na kowa. Yaro ya tsuguna a gindin katangarka. Wani ya kunna taba a cikin mota. Yawancin mutane su kan ɗauka abin haushi ne kurum, a yi tsaki a wuce. To, ka sani yawancin abin da ke ba ka haushi a bainar jama'a, shi ne kuma hanyar da cuta ta ke bi ta shigo gidanka. Zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ka ne. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

1. A bakin rijiya

Rijiya randar gari ce. Abin da ba za ka yarda a yi wa randar ɗakinka ba, kada ka yi wa rijiya.

Dubi guga. Mutum ya kan ja ruwa, ya yar da guga da igiya cikin caɓi, inda awaki suka taka, inda yara suka bi da ƙafa. Na bayansa ya zo ya ɗauka ya zura. Duk ƙazantar da ke ƙasa ta koma cikin ruwan sha ke nan. A cikin ƙazantar nan akwai ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne ke kawo atuni, da zazzaɓin taifot, da amai da gudawa wanda a ke kira kwalara.

Ga wani labari na gaskiya. A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, a Ingila, ta kashe mutum fiye da 600. Wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana tambaya, ya tarar yawancin mamatan daga famfo guda su ke sha. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya da aka bincika, sai aka ga an haƙa rijiyar famfon dab da wani ramin ƙazanta, inda aka riƙa zuba ruwan wankin tsumman wani jariri mai ciwo. Ka ga ruwan wanki na gida ɗaya ya cuci unguwa guda. Ita wannan kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, har yau kuwa ta kan dawo, galibi da damina.

Sabo da haka ga ladabin rijiya:

A kafa maƙali, a riƙa rataye guga da igiya. In da hali a yi guga ɗaya na rijiya, kowa ya ja da shi.
A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a yi daɓe kewaye, da lambatu mai janye ruwan da ya zube.
Wanki, da wanke-wanke, da wa yaro tsarki, a matsa da su can nesa, ta gangare.
A yi wa dabbobi kwami dabam. Kada a ɗaure jaki ko akuya a bakin rijiya.
Kada a haƙa masai kusa da rijiya. A bar tsakani aƙalla mita 30, watau kamar taku 40 na babban mutum, masai kuwa ya kasance ta gangare.
A famfon tuƙa-tuƙa, kada yaro ya kafa baki ya sha, kada kuma a mai da hannun famfo lilo. In ya lalace, kowa zai koma kududdufi.

Sa'an nan maganar layi. Wanda ya riga zuwa shi ke fara ɗiba. Amma tsohuwa, da mai ciki, da mai jinya a gida, a kan ɗaga musu. Sau da yawa faɗan da ke kai mata gaban mai unguwa daga bakin rijiya ya ke tasowa, kuma cikin turereniya ne tulu kan fashe, yaro kan zame.

In wani ya kamu da gudawa kamar ruwa, kada a jira. A ba shi ruwan gishiri da sukari: in ba a sami ƙunshin da asibiti ke bayarwa ba, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. A yi ta ba shi kaɗan kaɗan, ana kan hanyar asibiti. Kwalara ta kan kashe babban mutum cikin yini guda.

2. Abin da kurkunu ya koya mana

Tambayi dattawan garinku labarin kurkunu. Ciwo ne da kan kwantar da manomi daidai lokacin noma. Mai ciwon ya kan tsoma ƙafarsa cikin tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zubar da 'ya'yanta a ruwa, wani ya zo ya sha, bayan kamar shekara guda shi ma ta fito masa.

Da aka yi ƙidaya a 1988, an sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Ciwon nan ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da me aka kore shi? Da abu uku: a tace ruwa da ƙyalle, a haƙa rijiyoyi, mai ciwo kuma ya daina shiga ruwan jama'a, a riƙa ɗebo masa. Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter sun yi ɗawainiya ƙwarai a kan wannan aiki. A 2008 aka ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a ƙasar nan, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi.

Ka lura da kyau. Cutar da ta gagari magani, ladabin bakin ruwa ya kashe ta. Kada wani ya ce maka waɗannan ƙananan abubuwa ba su da amfani.

Akwai wadda ta rage, ita ce tsargiya. Mai ita in ya yi fitsari a rafi ko a tafki, ƙwan cutar ya kan shiga jikin katantanwar ruwa, daga nan 'ya'yan su fito su huda fatar mai wanka ko mai kamun kifi. Ƙasarmu kuwa akwai ruwan kwance, ga madatsar Challawa da aka gama a 1992 a ƙasar Karaye, ga fadamu, ga kududdufai. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani a asibiti. Ka hori 'ya'yanka kada su yi fitsari ko bahaya a ruwan da jama'a ke shiga.

3. Tari, atishawa da kaki

Mutum ya tauna goro, ya juya ya tsartar ko ina ya ga dama. Wani ya kakaro kaki ya tofar a ƙofar rumfa. Wani ya fyace majina da yatsu, ya shafa a bango, ya miƙo maka hannu ku gaisa. Ba wanda ke son ganin haka, amma kunya ta kan hana a yi magana.

Abin da ya fi kaki haɗari shi ne tarin da ba a rufe baki ba. In mutum ya yi tari ko atishawa, tsattsafi mai ƙanƙanta ƙwarai ya kan fita ya rataya a iska, na kusa ya shaƙa. Ta nan tarin fuka ke yaɗuwa, wanda likitan Jamus Robert Koch ya gano ƙwayarsa a 1882. Ta nan ƙyanda ke bi, da mura, da mashaƙo, da sanƙarau. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a nan Arewa. Mashaƙo kuma ya ɓarke daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, Jihar Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasari yaran da ba a yi wa rigakafi ba.

Ga abin da za ka yi. In tari ya zo maka, ka kau da fuska, ka rufe baki da hankici ko da gwiwar hannu. In lalle sai ka tofar, ka matsa gefe, ka rufe da ƙasa. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka gaisa ko ka sa hannu a akushi. A ɗakin taro, da makaranta, da masallaci, a buɗe tagogi, balle da bazara lokacin sanƙarau. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ba abin kwana a gida ba ne.

Wanda tari ya kai masa mako biyu, ya tafi a auna kakinsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, a kan sha shi wata 6 ba fashi. Kuma a ji wannan: ba a ɗaukar tarin fuka ta musafaha ko ta kwanon abinci, ta iska a ke ɗauka. Wanda ya riƙe maganinsa sosai, ba da daɗewa ba ya kan daina yaɗawa. Kada a guje shi, kada a yi masa gori. Gori shi ke sa mai ciwo ya ɓoye, mai ɓoyewa kuwa shi ke shafa wa jama'a.

4. Bayan katanga da bakin hanya

Wannan magana ce mai nauyi a baki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bahaya a fili, a lungu, ko a gonar bayan gari, shi ne tushen yawancin ciwon cikin yara. Ƙuda ya kan sauka a kai, ya tashi ya sauka a kan fura. Ruwan sama ya kan kwashe ya kai rijiya. Tsutsar ciki kuma ta kan huda tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi, ta shiga hanji tana shan jini, yaro ya yi fari fat.

Kowane gida ya haƙa masai, ya yi masa murfi, ya ajiye buta da sabulu ko toka a bakinsa. Kashin jariri ma a zuba shi a masai, gama ba shi da wani tsarki da ya fi na babba, ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ma su kan fi yawa. Kasuwa da tasha da makarantar allo su ma suna bukatar nasu. In babu, magidanta su haɗu su kai maganar ga dagaci da sarkin kasuwa.

Kada ka ce ba za ta yiwu ba. A 2022 aka bayyana maƙwabciyarmu Jihar Jigawa ta zama jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da bahaya a fili. Ƙauyawa ne irinmu suka haƙa ramukan.

5. A kasuwa

Ran kasuwa gari ya kan cika da baƙi, gama ƙasar Rogo ta yi iyaka da Jihar Kaduna da Jihar Katsina. Abin da baƙo ya gani shi zai kai gida labari, abin da ya ɗauka kuma shi zai kai wa iyalinsa.

Mai saye, kada ka dama hannu cikin gari ko nono don ɗanɗane. Kada ka lalatsa nama ko ƙosai sa'an nan ka bar shi. Ka nuna da yatsa, a miƙo maka. In ka sha rake, ka tara ɓawon wuri ɗaya. Ɓawon mangwaro da na ayaba sun sha kayar da tsofaffi, karayar ƙugu kuwa ga tsoho ba ƙaramin abu ba ce.

Mai sayarwa, ka rufe abincinka da faifai ko ƙyalle mai tsabta. Kada ka hura leda da baki kafin ka zuba kaya. Ruwan wanke kwano a riƙa sake shi, kada moɗa ɗaya ta zaga bakin mutum hamsin ba wanki. Mahauci ya binne jini da tumbi, kada ya bar su ƙuda ya yi ƙwai, gama da zafi cikin kamar mako guda ƙwan ƙuda kan zama ƙuda. Hatsin da ya zube da juji su ke tara ɓeraye, ɓera kuwa shi ke kawo zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969.

Sai leda. Ledar ruwa da a ke yarwa ita ke toshe kwata. In kwata ta toshe ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai, cikin kwana 7 zuwa 10 ya tashi. Akuya kuma in ta haɗiye leda sai ta rame ta mutu. Dattawa suna tuna zamanin En'e, lokacin da duba-gari kan shiga gida gida yana leƙa randa yana neman 'ya'yan sauro, a ci mai gida tara. Kada ka jira tara. Kowa ya share ƙofar gidansa da gaban rumfarsa, ya yashe kwatarsa, kada kuma ya sako ruwan wankansa kan hanya ya bar maƙwabci da tsallake.

6. A tasha da cikin mota

Mota ɗaki ne ƙarami mai cike da baƙi. Abin da ka fitar, shi na kusa da kai zai shaƙa.

Kada ka sha taba a ciki. Hayaƙin yana cutar wanda bai sha ba, balle jariri da mai asma da mai ciki. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana shanta a motocin haya da wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Kada ka tofar ta taga, iska za ta mayar wa na baya. A bar taga a buɗe ko kaɗan ne. Kaji da awaki a yi musu wuri dabam da mutane. Jarkar fetur da buhun maganin feshi ba a zama da su a cinya, ba a kuma haɗa su da kayan abinci.

Ka rage ƙarar wayarka, ba kowa ke son jin abin da ka ke ji ba. Haka mai injin niƙa da mai lasifikar biki, su tuna akwai majinyaci da mai jego a bayan katanga, barci kuwa rabin magani ne. Ɗan acaɓa ya sassauta in ya shigo gari, gama yaro ba ya duba hanya.

7. A asibiti

Ran awo da ran rigakafi a kan yi cunkoso. A zauna bisa layi. Manya suna tuna 1984, lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Yaƙi da Rashin Ɗa'a, aka tilasta wa mutane bin layi. Abin da aka yi don tsoron soja, ya fi kyau a yi shi don sanin ya kamata.

Amma asibiti yana da tasa ƙa'ida. In ma'aikaci ya shigar da wani gabanka, mai naƙuda, ko yaro mai jijjiga, ko wanda maciji ya sara, kada ka yi fushi. Wata rana naka ne za a shigar. Yaro mai ƙyanda ko mai tari, a faɗa wa ma'aikaci tun daga ƙofa don a zaunar da shi gefe, kada ya shafa wa jarirai. Dubiya abu ne mai kyau, amma mutum goma a kan gado ɗaya su kan tare wa majinyaci iska. A shiga biyu biyu, a gaisa, a fito, a bar yara ƙanana a gida. Abin da ka ji likita ya faɗa wa wani, ka bar shi a nan.

8. Yadda a ke yi wa mutum gyara

To, ka ga wani yana ɓarna, yaya za ka yi? In ka yi shiru, ka yarda ke nan. In ka daka tsawa, faɗa ya tashi, ba a gyara kome ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma akwai hanya ta uku, ita ce magana mai taushi, wadda ke jawo wa mutum hankali ba tare da an kunyata shi ba.

In dattijo ne ya yar da guga, ba sai ka ce kome ba. Ka ɗauka ka ɗauraye, ka ce, "Baba, kawo in rataye maka." In tsararka ne ya kunna taba, ka ce, "Malam, don Allah a yi haƙuri har mu sauka, akwai jariri a baya." In mace ce ke wanki a bakin rijiya, mace 'yar'uwarta ta ce, "Yaya, mu matsa can gindin bishiya, in taya ki ɗaukar kayan." In yaro ne, ka kira shi ka nuna masa, sa'an nan ka gaya wa iyayensa a asirce. Kada a yi wa mutum gyara gaban surukansa ko 'ya'yansa. Wanda ya ƙi ji bayan an faɗa masa sau biyu, a kai maganarsa ga mai unguwa, in ta fi ƙarfinsa a kai ga dagaci ko ma'aikacin tsabta na ƙaramar hukuma.

In kai aka yi wa gyara, ka ce na gode. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuma ka fara da kanka, gama yaro abin da ya ga ubansa na yi shi ya ke yi.

Tambayoyi

Bayan an gama karatu, mai gida ya yi wa iyalinsa waɗannan tambayoyi:

1. Don me a ke rataye guga?
2. Taku nawa ya kamata a bari tsakanin masai da rijiya?
3. Da me aka kori kurkunu daga ƙasar nan?
4. Tarin kwana nawa ke sa a tafi asibiti, maganin kuma wata nawa a ke sha?
5. Yaya a ke haɗa ruwan gishiri da sukari?
6. Su wa a ke ɗaga wa a layi?
7. A cikin abubuwan da aka ambata, wanne ne mu ke yi a gidan nan?

Tambaya ta ƙarshe ita ce babba. Ku zaɓi abu ɗaya ku gyara cikin makon nan, ko maƙalin guga ne, ko murfin masai, ko kwatar ƙofar gida. In kun gama, ka miƙa takardar nan ga maƙwabcinka, gama rijiyarku ɗaya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.